Ƙwallon 'yan matan Kilifi: tamaular ce ke aiki ko abin da aka rataya mata?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, kuma don Allah a amsa cikin natsuwa, kar a mayar da ita rigima irin ta makon jiya. Akwai wata ƙungiya a Kilifi, bakin tekun Kenya, arewa da Mombasa, sunanta Moving the Goalposts. Tun farkon shekarun 2000 take tara 'yan matan karkara, daga masu shekara 9 zuwa 25, suna buga ƙwallon ƙafa. Yanki ne da talauci ya yi wa katutu, yara mata na barin makaranta da wuri, ga yawan ɗaukar ciki tun da ƙuruciya. Abin da ya ja hankalina shi ne yaran ne ke riƙe da kusan komai na fili. Su ne masu horarwa, su ne alƙalan wasa, su ne ke duba wadda ta ji ciwo, su ne ke tsara wa zai kara da wa. A gefen wasan kuma sai a zauna a yi zancen jinin al'ada da ƙanjamau da yadda yarinya za ta kare kanta. A 2016 har lambar yabo ta Laureus, wadda ake bayarwa a harkar wasanni ta duniya, aka ba su.

To tambayata ita ce, wai ƙwallon ce ke gyara rayuwar yaran nan, ko kuwa karatun da aka haɗa da ita? Da a kan ɗinki ko saƙa aka tara su, ba abu ɗaya za a samu ba? Me ya sa sai ƙwallo?

DanFagge77:
Wa alaikumus salam. Hajiya ai amsar a fili take, kuɗin Turawa ne. Ki ce za ki koya wa 'yan mata ɗinki, babu wanda zai ɗago kai ya dube ki a Landan. Ki ce ƙwallo, ki haɗa da hoton yarinya ba takalmi tana tsere cikin ƙura, nan da nan a kwance bakin jaka.

Malama_Rabi_PHE:
DanFagge ka faɗi wani abu, amma ba shi ke nan ba. Ni darasin motsa jiki nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, bari in gaya muku abin da ɗinki ba zai yi ba.

Yarinyar da aka rena a kan talla da wanke-wanke, ranar farko da ta shigo fili za ku ga hannunta ɗaya na riƙe da bakin zani ko siket, ɗayan yana rufe da baki tana dariyar kunya. In ƙwallo ta nufo ta sai ta kauce. In ta buga, da ɗan yatsa take tsokana kamar mai tsoron kar a ce ta yi laifi. Ku dawo bayan zango guda. Ita ce za ku ji tana ƙwala ihu daga tsakiyar fili, “Ba ni! Ba ni nan!” tana nuna wa ta baya inda za ta tsaya. Wannan muryar nake nufi. A ajin ɗinki kowa kanta a sunkuye yake, malama na magana ana cewa to. A fili kuwa dole ki buɗe baki, dole ki yanke shawara cikin ƙiftawar ido, dole ki faɗi ki tashi mutane na kallo.

Na biyu, araha. Keken ɗinki ɗaya yarinya ɗaya yake ɗauka. Ƙwallo ɗaya tana ɗaukar yara 22, ga masu jiran canji a gefe. Duwatsu biyu sun isa raga.

Maman_Ilham:
Malama Rabi na ji wannan. Amma muryar fili tana bin yarinya har gida? Wadda ta iya cewa “ba ni nan” za ta iya ce wa kawunta ba ta son mijin da ya zaɓa mata?

Malama_Rabi_PHE:
Wata za ta iya, wata ba za ta iya ba. Amma wadda ba ta taɓa ɗaga murya a ko'ina ba fa?

Abu_Sumayya:
Salamu alaikum. Ni ba na cikin masu cewa motsa jiki haramun ne ga mace. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, daga baya da ta yi jiki ya tsere mata. Matsalata guda uku ce: sutura, cakuɗa da maza, da kuma wane ne ke koyar da darasin da ake yi bayan wasan, me yake koyarwa. Ana cewa “lafiyar haihuwa” sai a wuce. Me ke cikin kwas ɗin? Uban yarinya ya gani? Kilifi akwai Musulmi da yawa, ina son in san yadda iyayen can suka karɓi abin.

Zee_Kaduna:
Malam batun sutura an wuce wurin tuni. FIFA ce ma ta hana ɗankwali a 2007, ba malamai ba. A 2011 aka hana 'yan wasan Iran buga wasan neman gurbin Olamfik da Jodan saboda sun rufe kai. Sai a 2012 aka fara gwaji, a 2014 aka halasta gaba ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, dogon hannu, dogon wando, duniya na kallo. Ita ce ta farko a wannan matakin.

Abu_Sumayya:
'Yar'uwa na san labarin Benzina. Wannan ya amsa ɗaya cikin uku.

Nas_Binta:
Bari in ɗauki ta ukun, tunda aikina ne. Malam, abin da yarinya 'yar shekara 12 ke bukatar ji ba wani abin ɓoyo ba ne. Mene ne jinin nan da ya zo mata, ba ciwo ba ne, ba asiri ba ne. Yadda za ta yi ƙunzugu, yadda za ta wanke tsumma ta shanya a rana ba ta cusa shi ƙarƙashin katifa da danshi ba. Cewa daga ranar nan ciki na iya shiga. Cewa mai babur ɗin da ke kai ta makaranta kyauta wata rana zai nemi a biya shi da wani abu. A can Kenya wannan zancen 'yan acaɓa da 'yan makaranta sananne ne, har a jaridunsu. Uwa da yawa ba ta iya faɗa wa 'yarta wannan, kunya ta hana, musamman 'yar fari. To wa zai faɗa?

Hikimar tsarin Kilifi ita ce wadda ke bayanin ba wata baƙuwa ba ce da ta sauko daga mota mai sanyi. Yarinya ce 'yar ƙauyen da ta girme su da shekara uku ko huɗu, wadda ɗazu suka gama cin ƙura tare. Tambayar da yarinya ba za ta yi min ba a asibiti ina sanye da farin kaya, za ta yi wa wannan suna kwance igiyar takalmi.

Amma na yarda da kai a kan abu ɗaya, iyaye su san abin da ake koyarwa. Duk shirin da ya ɓoye wa iyaye manhajarsa, ranar da suka gano, ranar zai mutu.

Kawu_Sale:
To Nas tunda kin shigo, a warware mana. Mu dai mun taso muna ji ana cewa guje-guje da tsalle-tsalle na zubar da budurcin yarinya, wasu ma su ce mahaifa na sauka. Gaskiya ne?

Nas_Binta:
Kawu ba gaskiya ba ne. Ƙwallo ba ta hana haihuwa, ba ta saukar da mahaifa. Ciwon da 'yan ƙwallo mata suka fi fama da shi na gwiwa ne da idon sawu. Yarinyar da ke ɗaukar jarkar ruwa mai lita 20 a ka ta yi tafiyar kilomita da ita, ba wanda ya taɓa tsoron mahaifarta za ta sauka. Sai da aka ce wasa.

Tarihi_Dan_Zariya:
Kawu Sale, maganar da ka ji ba a nan aka fara ta ba. A ƙarshen 1920 wasan mata a filin Goodison Park da ke Liverpool ya tara 'yan kallo kusan 53,000. Shekara guda bayan haka, a 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata amfani da filayen ƙungiyoyinta, ta ce wasan bai dace da su ba. Sai wajajen 1971 aka ɗage. Birazil ma, ƙasar shahararriyar 'yar ƙwallo Marta, doka ta hana mata bugawa daga 1941 har 1979. Saboda haka mai cewa ƙwallon mata al'adar Bature ce, Baturen ma shekara 50 ya yi yana hanawa.

DanFagge77:
Malam Tarihi kullum sai ka kai mu ƙarnin da ya wuce. Muna Kilifi ka kai mu Liverpool.

Hajjo_Yerwa:
Ni zan goyi bayan DanFagge, ba don ina jin daɗi ba. Na yi aikin sa kai a wani sansanin 'yan gudun hijira a nan Maiduguri. Wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta zo da shirin ƙwallon 'yan mata. Aka raba jesi masu kyau, aka kawo ƙwallaye sababbi a leda, aka zo da mai ɗaukar hoto. Wallahi yaran sun so abin. Akwai wata da tunda aka kawo su daga ƙauyensu ba ta magana da kowa, sai ga ta a raga tana tsare gida, tana yi wa 'yan baya tsawa. Uwarta ta zo ta tsaya bayan waya tana kallo, tana share ido da bakin mayafi.

Da kuɗin shirin ya ƙare, shi ke nan. Kocin da ake biya ya daina zuwa. Ƙwallayen suka fashe, famfon hura iska ma da shi suka tafi. Samari suka karɓe filin. Jesin suka koma rigar barci. Abin da ya fi ci min rai, ba a horar da ko yarinya ɗaya ta riƙe usur ba, balle a ce su ci gaba da kansu. An ɗanɗana musu an janye.

Malama_Rabi_PHE:
Hajjo ai labarinki hujjata ce ba ta DanFagge ba. Bambancin naku da na Kilifi ke nan. Can sun haura shekara 20 saboda wadda ta shigo tana 'yar shekara 10 ita ce koci tana 18. In Baturiyar da ta fara abin, Sarah Forde, ita kaɗai ke busa usur, da tuni an manta da su.

Hajjo_Yerwa:
Malama su ma da tallafin waje suke tafiya. A yanke shi gobe mu gani.

Dokta_Mansur_BUK:
Ina bin zancen tun ɗazu. Akwai matsalar da duk mai nazarin irin waɗannan shirye-shirye ke cin karo da ita, kuma ita ce ainihin tambayar Maman Ilham. Za a ce miki 'yan matan da ke cikin shirin sun fi daɗewa a makaranta, sun fi jinkirta aure. To amma wace yarinya ce ta shiga shirin tun farko? Wadda ubanta ya yarda ta sa wando ta je fili. Uban da ya yarda da wannan, da ma shi ne wanda zai bar ta ta gama sakandare. Wadda aka fi tausayawa, wadda ke kan tiren talla tun asuba ko aka riga aka sa mata rana, ba ta taɓa taka filin ba, don haka ba ta cikin lissafi. Sai a yaba wa ƙwallo a kan aikin da uba ya yi.

Ban ce shirin banza ne ba. Cewa na yi rahoton da ƙungiya ta rubuta wa mai ba ta kuɗi ba shi ne ma'auni ba.

Zee_Kaduna:
Dokta amma ai iyaye na canza ra'ayi. Asisat Oshoala ta sha faɗa da bakinta cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba. Yau sau 6 tana zama gwarzuwar Afirka, ta ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona, ta buɗe gidauniya da makarantar ƙwallon 'yan mata a Legas. Musulma ce 'yar Ikorodu. Kuma daga Kilifi ɗin ma Esse Akida ta fito, ta cikin wannan shirin, ta buga wa Kenya gasar Afirka ta 2016 a Kamaru, ta je ta yi wasa a Turkiyya da Girka.

Dokta_Mansur_BUK:
Oshoala nawa ne a Najeriya? Akida nawa ce a Kilifi? Wannan shi ne haɗarin. In aka sayar wa yarinya mafarkin Barcelona, cikin dubu ɗaya ce za ta kai ko bakin filin jirgi. Ragowar fa?

Sadiya_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Zee kin manta tamu. Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, ita ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguwai a 2018, ƙwallo 7, kuma ita ce kyaftin. Daga Northern Ladies ta fito. A zango lokacin duk wanda ka gani zancenta yake. Na san gidajen da bayan wannan suka sassauta wa yaransu. Amma abin da na gani ya fi amfani ba fita waje ba ne. A nan yarinya mai ƙwallo tana iya samun gurbi a sakandare mai kyau saboda makarantar na son ta buga mata, wasu kuma su samu shiga aikin ɗamara, 'yan sanda, gidan yari, shige da fice, duk suna da ƙungiyoyin mata. Albashi ne a ƙarshen wata. Ga 'yar kayayo wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kawu_Sale:
Mece ce kayayo kuma?

Sadiya_Zango_Kumasi:
'Yan matan arewacin Gana da ke zuwa Kumasi da Ankara suna dakon kaya a ka cikin kasuwa, Kawu. Da yawa a bakin shaguna suke kwana.

Injiniya_Bash:
Game da maganar Dokta cewa wadda ta fi bukata ba ta zuwa. Akwai waɗanda suka nemi maganin wannan ta hanyar aljihu. A Jharkhand ta Indiya, wajen Ranchi, akwai wata ƙungiyar ƙwallon 'yan mata mai suna Yuwa, tun 2009. Yanki ne da auren wuri ya yi yawa. Manyan 'yan matan su ke horar da ƙanana, ana biyan su, da kuɗin suke biyan kuɗin makarantarsu. Su ma an ba su Laureus a 2019. Kun ga a nan uba ba lacca aka yi masa ba, gani ya yi yarinyar ta daina zama nauyi. A Kilifi ma akwai tsarin da mai yi wa ƙungiya hidima take tara maki a taimaka mata da kuɗin karatu. Akwai dabarar maki kuma a MYSA, ƙungiyar wasannin matasan unguwar Mathare a Nairobi, da aka kafa a 1987. Can ƙungiya na samun maki a teburin gasa in ta fita ta kwashe shara a unguwa. A 1992 suka shigo da 'yan mata.

Duk uwar da ke ɗora wa yarinya talla ba mugunta ba ce. Cinikin nan shi ne cefane, shi ne kayan ɗaki. Ka ce ta ba ka yarinyar awa biyu da yamma, lokacin da ƙosai da awara suka fi tafiya, me za ka mayar mata?

Maman_Ilham:
Injiniya ka ga ka dawo da ni inda na fara. In kuɗin makaranta ne ke riƙe yarinyar, a ba ta kuɗin mana kai tsaye. Ina ruwan ƙwallo?

Injiniya_Bash:
Hajiya ki kira taron wayar da kai ranar Asabar ki ga mutum nawa za su zo, in ba a ce akwai kuɗin mota ba. Ki kira wasa tsakanin unguwa da unguwa ki gani. Ƙwallon ce ke sa su dawo kowane mako ba tare da an roƙe su ba. Kuma in yarinya ta yi fashin atisaye sau biyu, akwai mutum goma da za su tambaya ina take. Da haka ake gane an cire ta daga makaranta ko an sa mata rana, tun abin bai yi nisa ba.

Inna_Mai_Tuwo:
'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Mu da muke yara akwai dandali. Da an yi sallar isha'i, farin wata ya fito, sai mu haɗu a yi gaɗa, a yi tafa-tafa, a yi carafke da rana. A nan muke jin komai. Wadda ta fara al'ada a nan za ta raɗa wa ƙawarta, wadda ake so a yi wa auren dole a nan za a sa ta a waƙa har zancen ya kai kunnen manya. Muna da shugabarmu ta 'yan mata, ita ke raba faɗa. Yanzu ina dandalin? An gine shi, ko tsoro ya hana fita. Yarinya daga gida sai makaranta sai talla sai waya. Abin da waɗannan mutanen na Kenya suka yi, dandali suka mayar wa yaran, sai dai da rana ne kuma da ƙwallo. Ni ban ga abin mamaki ba.

Zee_Kaduna:
Inna Allah ya ƙara girma. An gama magana.

Abu_Sumayya:
Ba a gama ba. Inna ta yi gaskiya, amma dandali ba shi da koci namiji mai mota da alƙawarin kai yarinya Turai. Wannan ita ce damuwata ta biyu da har yanzu ba wanda ya taɓa.

Barista_Halima:
Malam a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, kuma ba zargi ba ne kawai. A 2019 FIFA ta dakatar da shugaban hukumar ƙwallon Afganistan, Keramuddin Karim, har ƙarshen rayuwarsa, bayan 'yan wasan ƙungiyar mata ta ƙasar sun fito sun faɗi cin zarafin da aka yi musu. Shugaban hukuma ke nan, ba ƙaramin koci a lungu ba. Yarinya marainiya, ba ta da mai tsaya mata, an ce wannan mutumin ne zai sa sunanki a jerin masu tafiya gasa. Me kuke tsammani?

Duk shirin da zai tara yara mata masu rauni, kafin a sayi ƙwallo a amsa waɗannan: wa ke tare da su in an yi tafiya, ina suke kwana, in wani abu ya faru wa yarinya za ta gaya wa wanda ba kocin ba ne kuma ba abokin kocin ba. In babu amsa, gara a bar su a gida. Shi ya sa tsarin mata su horar da mata ya fi kwanta min, ba don ado ba.

Coach_Ibro:
Barista kar a yi mana kuɗin goro. Ina horar da yara mata a Jos, ban taɓa zama da yarinya ni kaɗai ba, kullum akwai uwa ɗaya ko biyu a bakin fili, ni na nemi hakan. Matsalar ita ce mata masu takardar koci ba su da yawa. Ku nemo su ku ga in ban ba su usur ba.

Wani abin da ba ku ambata ba, fili. Duk filin unguwa na samari ne daga la'asar zuwa magariba. Mu sai ƙarfe biyu na rana ake bar mana, rana na dukan tsakar ka, ko da sassafe lokacin da yaran ke ɗiban ruwa. In muka daɗe minti biyar sai a fara buga mana ƙwallo a ka ana ihu “a je a yi girki”. Sai da na je wajen mai unguwa da shugaban matasa kafin aka ba mu yammacin Laraba. Kuma takalmi. Yawancinsu da kambas ɗin makaranta suke bugawa, in ya yage uwa ta ce ƙwallo ce ta cinye, daga ranar an hana.

Barista_Halima:
Koci ban ce kai ba. Amma tsarin da ya dogara da cewa kocin mutumin kirki ne ba tsari ba ne.

Moussa_Damagaram:
Sannunku. Ni tambaya gare ni ga Nas Binta. In yarinya tana cikin al'ada tana iya wasa? Ƙanwata tana buga balo a lakwal, amma duk wata sai ta yi kwanaki ba ta zuwa.

Nas_Binta:
Tana iyawa sarai, motsa jiki ma na rage wa wasu ciwon mara. Abin da ke hana su ba ciwo ba ne, tsoron tsumma ya zame ne ko jini ya ɓata wando a gaban mutane. Ka saya mata audugar mata da wando mai duhu ka ga. Manyan ƙungiyoyi ma sun gane haka, 'yan wasan Ingila sun bar farin gajeren wando kafin gasar duniya ta 2023 saboda wannan dalilin. Kenya kuwa tun 2004 ta cire harajin kaya a kan audugar mata, a 2017 ta yi dokar a riƙa raba ta kyauta a makarantun gwamnati. Ko tana isa hannun yaran kullum, wannan wani zance ne.

Moussa_Damagaram:
Na gode Anti. Ni dai kunyar sayen nake ji a kanti, amma zan ba matar yayana kuɗin.

DanFagge77:
Duk naku ku gama. Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Rabat a 2025, an ci su 2 suka farke suka ci Maroko 3 da 2. Shugaban ƙasa ya yi musu alƙawarin dala 100,000 kowacce da gida. Madalla. Amma waɗannan Falcons ɗin ne a 2016 suka ƙi fita daga otal a Abuja saboda an riƙe musu alawus bayan sun ci kofi, a 2019 suka sake zaman dirshan a Faransa. In zakarun nahiya sai sun yi zanga-zanga kafin a biya su, 'yar ƙauye da aka ce ƙwallo za ta 'yantar da ita, a ina za ta karɓi nata?

Malama_Rabi_PHE:
DanFagge har yanzu kana auna abin da albashin ƙwallo. Cikin ɗalibaina babu wadda na taɓa ce wa za ta ci abinci da ƙafarta. Wadda ta riƙe littafin rajistar 'yan wasa 30, ta tara kuɗin ruwa, ta je ofishin shugabar makaranta ta nemi izinin fita gasa, ta tsaya tsakiyar fili ta ɗaga wa wadda ta girme ta katin gargaɗi, wannan ko kasuwa ta shiga ba za a cuce ta da sauƙi ba.

Dokta_Mansur_BUK:
Malama wannan ma sai an auna. Kina iya samun shugabar ɗalibai mai irin wannan halin ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba.

Malama_Rabi_PHE:
Shugabar ɗalibai guda ɗaya ce a makaranta, Dokta. Kyaftin kuwa kowace ƙungiya da tata.

Abu_Sumayya:
Ni dai in fili a katange yake, mata ke horarwa, sutura ta cika, an nuna min abin da za a karantar, ba ya cin lokacin Islamiyya, ba ni da ta cewa. Amma sharuɗɗan nan biyar ne, kuma ban taɓa ganin inda aka cika su duka ba.

Coach_Ibro:
Malam sakandaren 'yan mata ta kwana ai ta cika huɗu. Matsalar yaran da Dokta ke magana a kansu ba sa ciki.

Hajjo_Yerwa:
Kuma masu gadi ba za su bar 'yar talla ta shiga filin makarantar ba ko da ranar Asabar ce. Na gwada nema wa yaran sansani, aka ce sai da takarda daga ma'aikata.

Maman_Ilham:
Koci Ibro, yammacin Larabar da mai unguwa ya ba ku, samarin sun bar muku shi har yanzu ko sai an yi ta fama? Kuma iyayen da ke zama a bakin fili, kai kake ba su wani abu ko da kansu suke zuwa?

Coach_Ibro:
Ranar da ake wasan zakarun Turai ba ma samun matsala, duk suna gidan kallo. Sauran Larabobin sai na riga su zuwa na kafa raga. Iyayen kuwa ba na ba su komai. Ɗaya tana kawo kunun aya da ƙanƙara ta sayar wa 'yan kallo, ita ce ma ba ta fashi.